Karfasar Gidimuni a Cikin Kifin Madam

Ko zan manta da ranar da aka kawo ni gidan miji, ba zan manta da abin da 'yan karfasa suka jawo mana a gidanmu na unguwar Birni ba. Yau tsufa ya cim mini, abubuwa da yawa sun zube daga kaina, amma wannan yana nan daram.

Lokacin ana gab da samun mulkin kai. Ko'ina ka zauna a Damagaram zancen ke nan, Nasaru za su tattara nasu ya nasu su tafi, kujerunsu su dawo hannun 'yan ƙasa. Maigidana kumi ne, wato akawu, a wani biro, ofis ke nan. Shugaban biron, wanda kowa ke ce wa Mushe, ya riga ya nuna alamar shi zai bar wa kujerarsa idan ya tashi. Ba a faɗa a fili ba, amma abokan aikinsa sun fara yi masa kallon gefen ido, mu kuwa mun fara lissafin ɗakin da za mu ƙara a gida.

Ana haka Mushe da matarsa, Madam, suka tashi tafiya konje ƙasarsu, hutun da kan ɗauke su watanni. Madam tana da wani akwatin gilashi mai tsawon kusan gaba guda, cike da ruwa, da yashi a ƙasa da ciyayi kore shar, da wasu 'yan kifaye a ciki waɗanda ban taɓa ganin irinsu ba. Babbansu bai wuce ɗan yatsana ba. Wasu jajaye, wasu masu wutsiya a baje kamar mahuci, wasu wutsiyarsu siririya da tsini. Daga nesa aka kawo mata su, kuma an ce tana ji da su fiye da kima, don Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta ƙi barin su a hannun kukunta, ta ce maigidana kaɗai ta yarda da shi. Mushe ya dafa kafaɗarsa ya ce zai ga yadda yake riƙon amana.

Aka kinkimo akwatin nan aka dire mana shi a zaure na ciki, inda rana ba ta shiga kuma soron ƙasa na riƙe sanyi. Aka haɗo mu da gwangwanin abincinsu da dokoki: a barbaɗa musu ɗan kaɗan da safe, a riƙa kwashe wani sashi na ruwan ana zuba sabo wanda ya kwana a randa, kada yara su sa hannu. Ni dai na yi ta mita. A garin da muke sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, ina tattalin na wanke-wanke in yi yayyafin tsakar gida da shi, a ce kifin da ko miya ba ya isa shi ke shan na randa? Maigida ya ce, "Ki yi haƙuri, kujera ce ke iyo a cikin ruwan nan." Na ce to, Allah ya sa kada ta nutse. Da na san abin da ke tafe da na kama bakina.

Ba a daɗe ba mahaifina ya zo daga garinmu Gidimuni neman maganin ido. Yanar ido ta fara rufe masa gani, likita ya ce sai ya zauna a gari ana ɗiga masa magani ana dubawa. Baba manomi ne, kuma tun yana saurayi yake kamun kifi a tabkin garinmu. Mutum ne mai tsare girmansa, wanda tun farko bai so ba da ni ga mai aikin Nasara ba, sai da 'yan uwa suka sa baki. Da ƙyar ma ya yarda ya sauka gidan suruki, don wanda ya saba sauka wurinsa a unguwar Zango ya rasu. Muka shimfiɗa masa a ɗakin da ke jikin zauren nan na ciki.

To, 'yan zamani sai na yi muku bayani, don ku yanzu kuna hira da surukanku har da tafawa. A lokacinmu suruki ba ya haɗa ido da uban matarsa. Maigida idan zai wuce sai ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa ya gaida Baba kansa a ƙasa, Baba ya amsa yana kallon bango, shi ke nan. Ba ya cin abinci inda Baba zai gan shi, ba ya ɗaga murya a gidan. Ni kuma 'yar fari ce, Baba bai taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni, sai dai "ke". Tsakanina da shi gaisuwa ce da ajiye ƙwarya. Tun daren farko maigida ya ja mini kunne, ya ce kada in kuskura Baba ya ji cewa kifin nan na Nasara ne, kada ya koma gida ya ce ya tarar da surukinsa yana kiwon kifin matar Nasara.

Baba ba shi da aikin yi sai zama a zaure, sai akwatin nan ya zame masa abin kallo. Yakan kai fuskarsa har jikin gilashi yana ƙanƙance ido. Wata rana na kawo masa fura, na ji yana faɗa wa bango, don ni dai ba ni yake kallo ba, "Bawan Allah, an cuce shi. Yana ta sayen ruwa yana ciyar da kifin da ba ya girma." Na yi kamar ban ji ba na fice.

Ashe ya aika gida ta hannun wani mai kamiyo, wato babbar motar kaya. Ran nan da hantsi sai ga tulu an sauke a ƙofar gida, an toshe bakinsa da ganye. Kafin in fito daga madafa Baba ya riga ya yi bisimilla ya juye shi cikin akwatin. 'Yan karfasa ne ƙanana, wajen guda shida, kowanne bai fi ganyen magarya biyu a haɗe ba, farare masu ratsi-ratsi. Baba ya goge hannunsa a riga, fuskarsa kamar gonar auduga, ya ce, "Ke, ki gaya wa mai gidan nan ga kifi na gaske an kawo masa. Irin tabkinmu ne." Tun da ya zo gidan ban ga haƙoransa ba sai ranar.

Da maigida ya dawo daga biro na faɗa masa, ya je ya leƙa ta bayan Baba. Ya dawo ya ce ai 'yan mitsi-mitsi ne, me za su yi? Kyautar suruki kuwa ba a mayar da ita. Ya sa na koma na ce yana godiya, Allah ya ƙara girma. Da bakina na kai wannan godiyar.

Kwanakin farko lafiya lau, baƙin suna raɓe a lungu kamar mutanen kirki. Amma Baba ya raina abincin gwangwani, ya ce wannan ai ƙura ce. Ya sa aka riƙa kawo masa dusa da ɓarɓashin tuwo, yara suna tono masa tana a bakin magudana. Kai, karfasa akwai ci! Kana kallonsu suna kumbura. Kafin wata ya zagayo sun kai faɗin yatsu uku, ruwan da yake garau ya fara yin duhu-duhu, ni kuma ina ta ƙara sayen ruwa ina canzawa. Daga nan suka fara nuna hali. Suka tone yashin nan rami-rami, suka tumɓuke ciyayin Madam suna yagar ganyen. Babba daga cikinsu ya yi duhu, ƙirjinsa ya yi ja, ya kama ɓangare guda ya ce nasa ne, duk wanda ya gitta sai ya kai masa sara.

Wata safiya na zo barbaɗa abinci na ga mai wutsiyar mahuci ɗaya wutsiyar ta zama tsumma, yana juyi a saman ruwa. Washegari babu shi, babu gawarsa. 'Ya'yan da jajayen suka haifa, waɗanda maigida ke murnar zai nuna wa Madam an samu ƙaruwa, suka ɓace ƙaf. Da idona na ga karfasa ɗaya ta bi ɗan ja ta haɗiye shi kamar an jefa gyaɗa a baki. Na dafe ƙirji na ce innalillahi. Baba yana zaune a gefe ya ce, "Kin ga lafiyarsu ko? Tubarkalla." Shi manyan kaɗai idonsa ke iya gani, ƙananan ba ya sanin sun ragu.

Daga ranar kwanciyar hankali ta ƙaura daga gidanmu. Kullum maigida ya dawo, kafin ya cire hula sai ya raɗa mini, "Saura nawa?" In faɗa masa, ya zauna bakin gado ya riƙe kai. Na ce masa, "Malam, ka je ka yi masa magana mana." Ya ce, "Ni? In buɗe baki in ce wa Baba kyautarsa ɓarna take yi? Ke da ya haifa me ya hana ki?" Na ce, "Ni da ko sunana ba ya kira? Kai ne fa ka ce a ɓoye masa." Muka yi ta turawa juna, murya ƙasa-ƙasa don kada a ji a zaure. Ban taɓa jin haushin mijina irin na kwanakin nan ba, kuma na san shi ma haushina yake ji.

Mun yi dabaru, kada ku ce zama muka yi. Ranar da aka kai Baba wurin likita muka kwashe ƙananan da suka rage muka zuba a babbar tasa, muka kai ɗakina. Kafin la'asar ruwan tasa ya ɗumame, biyu suka juya ciki sama, ɗaya ya yi tsalle ya faɗo ƙasa kaza ta tsince shi. Dole muka mayar da sauran. Na ce to mu kwashe karfasar mu ce sun mutu. Maigida ya ce Baba yana ƙirga su kowace safiya da yatsa a jikin gilashi, kuma mutumin da ya tsufa a bakin tabki ba a yi masa ƙaryar mutuwar kifi, zai ce a kawo gawar ya gani. Na ce mu sa su a randa daban. Ya ce fitar da kyautar suruki daga inda ya sa ta da hannunsa, ai gara zagi.

Sai muka nemi maƙwabcinmu, wani dattijo baduku da kan shigo su yi hira da Baba. Muka warware masa komai, ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, a bar masa. Ya shiga zaure ina laɓe a bayan asabari. Ko gaisuwa ba su gama ba Baba ya kama hannunsa ya kai shi gaban gilashi, yana nuna masa su ɗaya ɗaya. Na ji yana cewa, "Tun da aka ɗaura auren yarinyar nan ban taɓa yi wa yaron nan wani abin kirki ba. Ya riƙe ni a gidansa bai nuna gajiya ba. Ina so kafin in tafi su kai girman tafin hannu, ya san ina da abin ba shi." Baduku ya yi ta "madalla, madalla", ya fito ta ƙofar waje bai ko neme mu ba. Da maigida ya tare shi sai ya ce, "Ɗana, bakina ya mutu. Wanda zai iya faɗa masa ba ni ba ne." Ni kuwa a bayan asabarin nan hawaye nake, don ban taɓa jin Baba ya yabi mijina ba sai ranar.

Haka muka zura ido, gaba kura baya sayaki, kifin Madam na ƙarewa a gabanmu. Maigida ya rame, ya daina cin tuwon kirki. Ya aika Yamai ya tambaya ko ana samun irinsu, aka ce ko mai kama da su babu. Ya ce bari dai ya jira, ranar da aka sallami Baba zai kwashe karfasar, ya gyara abin da ya saura, ya san ƙaryar da zai shirya wa Madam. Kullum maganarsa ke nan, a jira.

Ba mu samu wannan ranar ba. Su Mushe suka dawo kafin lokacin da aka zata. Wata Asabar da hantsi, maigida yana gida, sai sallama a ƙofa. Kukun Madam ne da 'yan dako, an aiko su su ɗauko akwati. Kafin maigida ya zura riga ya fito, kukun nan, mutum mai rawar kai, ya riga ya kutsa zauren ciki don ya san inda aka ajiye shi. Ina tsakar gida na ji ihunsa.

"Lahaula! Ina kifin Madam? Wane ne ya zuba waɗannan ƙartin a ciki? Sun cinye su! Wallahi sun cinye su! Yau Madam sai ta haɗiyi zuciya!"

Muka iso zauren kusan tare da maigida. Ruwa ya yi kore, ciyayi babu sai kara, karfasa suna ta kai da komo, ƙananan da suka rage guda uku sun maƙale a lungun sama suna karkarwa. Baba yana zaune kan buzunsa da carbi a hannu, carbin ya tsaya. Ya juyo da fuskarsa wajena, karo na farko da na ga ya dube ni sosai, ya ce, "Ke. Kifin wa ne?"

Na durƙusa. Na ce, "Baba, amana ce. Na matar shugabansu ne."

"Nawa ne suka cinye su?"

Na ce, "E, Baba."

"Tun yaushe kuka sani?"

Maigida yana tsugune a bakin ƙofa kansa a ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Kuku ya ga ya yi ɓaramɓarama, ya ja da baya. Baba ya miƙe ya lalubi rawaninsa ya naɗa, ya ɗauki sandarsa, ya ce wa 'yan dako su rage ruwan su ɗauki kayan mutane, shi ma zai bi su. Maigida ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba, a yi haƙuri a zauna, ni zan je." Baba ya sa kai ya fita.

Ni ina gida, abin da ya faru a can daga bakin maigida na ji, shi ma sai da aka kwana biyu kafin ya iya ba ni labari. Suka ratsa Birni a ƙafa, akwati a gaba, Baba na biye yana dogara sanda, maigida a bayansa, mutane na tsayawa suna kallo. Da suka isa, Mushe da Madam suna zaune a baranda. Madam ta leƙa akwatin sau ɗaya, ta toshe baki ta shige ciki tana kuka. Baba, wanda bai taɓa rusuna wa Nasara ba, wanda idan kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, ya zo garinmu gona yake tafiya don kada su haɗu, ya tuɓe takalmansa ya tsuguna a kan tsakuwa cikin rana, gaban kuku da gardi mai tsaron ƙofa da 'yan dako. Babu tafinta a wurin sai surukinsa. Ya ce masa, "Gaya masa ni ne mai laifi. Gaya masa ni tsoho ne baƙauye kuma makaho, na zuba abin da ban sani ba a cikin kayansa. Yaron nan bai ci amana ba. Idan ɗauri ne a ɗaure ni."

Maigida ya ce ya fara juya maganar da Faransanci yana ɗora laifin a kansa. Mushe ya daɗe a ƙasar, yana jin Hausa, ya ɗaga hannu ya ce ya ji abin da tsoho ya faɗa. Ya sauko da kansa ya ɗaga Baba, ya ce ya tafi gida babu komai. Sa'an nan ya tambayi maigida abu ɗaya, ko yana gani abin ya faru. Maigida ya ce yana gani. Da lokaci ya yi, wani aka ba kujerar, maigida ya ci gaba da zama a teburinsa na da.

Kujera ta yi mana zafi, ba zan ɓoye ba, amma ba ita ta fi ci mini rai ba. Da suka dawo ranar nan Baba ya shiga ɗaki ya naɗe buzunsa, ya ɗaure 'yan kayansa. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Baba, maganin ido bai ƙare ba, likita ya ce saura kaɗan." Can ya ce, "Ba Nasaran ne ya kunyata ni ba. Kun bar ni ina ɓarna ina murna, kuna kallona." Na fashe da kuka na ce kunyarsa muka ji. Ya ce, "Da kun faɗa mini ranar farko, kunyar a zaure za ta tsaya."

Washegari da sassafe ya hau kamiyo ya koma Gidimuni. Mun bi shi mun ba da haƙuri, ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, don har ya rasu yana aiko mana da gero da albasa. Amma bai ƙara kwana a gidanmu ba, bai koma wurin likita ba, idon nan kuma ya ƙarasa rufewa.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. Kunyar babba tarbiyya ce, har gobe ina koya wa jikokina ita. Amma idan ka ga babba ya doshi rami ka yi shiru wai kana jin nauyinsa, ba shi ka tsare ba, kanka ka tsare. Tun daga ranar, ko wane ne, idan na ga yana ɓarna bai sani ba, nakan durƙusa in gaishe shi da ladabi, sa'an nan in faɗa masa.